Gajere Ya Gani, Dogo Bai Gani Ba

Ni ba mai yawan dariya ba ce. Haka aka san ni tun a Damagaram, kuma zuwa Faransa bai sauya ni ba. Babban ɗana ne ya ɗauko ni bayan rasuwar mahaifinsu, cikin shekarun nan na tamanin. Yana da kantin atamfa da shadda a Château Rouge cikin Paris, gidansa kuwa yana Stains, a wani dogon bene da ƙofofinsa duk kamarsu ɗaya. Sai da na ɗaura wa tamu jan ƙyalle a mariƙi don kada wata rana in faɗa gidan mutane.

Ran Lahadi ba ya fita kanti. Bayan azahar abokansa 'yan kasuwa sukan zo, na Maradi da na Tawa da wani Bakano guda mai surutu. Matar ɗana ta tuƙa tuwon simul, na garin alkama, da miyar busasshiyar kuɓewa, a ci, a wanke hannu, sai a tura kaset a manyeto, na'urar bidiyo, silima ta fito a tele. Wani Balarabe ne a Barbès ke ba su hayar kaset ɗin, kuma duk abin da ke kantinsa ba wanda suke so irin tsofaffin wasannin barkwanci na baƙi da fari, waɗanda ake jefa wawaye biyu, wani sa'in uku, cikin gidan fatalwa.

Da farko don tsaro nake zama. Ina so in san abin da ake nuna wa jikokina. Sai in jawo kujera bakin ƙofar falo, carbi a hannu, in sa ido. Ba na jin Faransanci, amma wannan wasa bai buƙatar kunne. Mu ma muna da irinsu a gida, 'yan kama, masu shiga kasuwa biyu biyu, ɗaya na shirme ɗaya na ƙwala masa. Na Turawan dai sun fi su kwat da malafa.

Kafin sanyin shekarar ya fita na gane musu kaf. Ko an sauya 'yan wasan, aikin ɗaya ne. Akwai Dogo, mai ganin shi ne mai wayo. Akwai Gajere, matsoraci, mai son ciki. Sai a ɗauke su aikin share wani tsohon gida ko gadin wani kango. Dogo ya juya baya yana ta faɗa. Gajere ya zauna zai ci burodinsa, sai wani farin hannu ya fito daga bayan labule ya ɗauke. Gajere ya buɗe baki, murya ta ƙi fita, ya yi ta jan rigar Dogo. Kafin Dogo ya waiwayo hannu ya koma. Sai mari. A sake, a kuma sakewa, manyan maza masu gemu suna birgima a kan kafet, Bakanon nan har roƙo yake a tsayar da kaset ya sha ruwa.

"Hajiya, ke ba ki ga abin dariya ba?" in ji shi wata rana, yana share hawaye da hularsa.

Na ce, "Na ga mai gaskiya ana marinsa. Ina abin dariya?"

"Kai, Alhaji! Tsohuwar nan taka alƙali ya kamata a naɗa ta."

Ɗana ya ce, "Bar Inna kawai. In ka ga haƙoranta, to asuwaki take."

Suna dariyarsu, ni ina lura. Na lura Gajere bai taɓa yin ƙarya ba. Dogo kuma ba makaho ba ne, kansa ne kullum ke wani waje a lokacin da ya kamata ya duba. Na kuma sa wa dodon kansa ido. Duk muninsa, ta ƙofa yake shigowa: ko bango ya juya, ko bayan agogo ya buɗe, ko katakon ƙasa ya ɗaga. Kuma da takalminsa a ƙafa. Wani sa'in a ƙarshe a yaye masa zani a ga ashe dangin mai gidan ne ke son korar mutane, wani sa'in a bar shi a dodonsa. Ko wanne ne, ranar da Dogo ya gani da idonsa, shi ke riga Gajere kaiwa waje.

To, autata tana aure a Lyon. Mijinta mutumin kirki ne, ɗan Maradi, yana sayen kallabin siliki da mayafai a can yana aikawa gida. Ta haifi 'yarta ta fari, na je na yi mata wankan jego, na dawo na bar su lafiya lau. Bayan dawowata suka sake gida, suka koma wani tsohon bene a kan tudu, a unguwar da aka ce masaƙa ne ke zaune a da. A nan abin ya fara.

Ita ba ta gaya mini ba. A bakin yayanta na ji, wata Lahadi bayan baƙi sun watse. Ya tura yara ɗaki, ya zo ya durƙusa a gabana, na san ba lafiya ba.

"Inna, Auta ce. Gane-gane take yi."

"Me take gani?"

"Wai wata mace, fara fat, da farin gashi da farar riga har ƙasa. Da rana tsaka, in mijin ya fita. Wai sai ta fito daga kicin ta tarar da ita tsaye a kan gadon jaririya, ƙofa kuwa a kulle da makulli da sakata. Shekaranjiya ta suri yarinyar ta gangaro bene da gudu ba ko takalmi, saura kaɗan su faɗo tare."

"Mijin ya gani?"

"Ya fasa kasuwa ya zauna ya tsare, ba abin da ya zo. An yi tofi, an yi hayaƙi, an kai ta likita sun ba ta ƙwayar barci. Mun yi shawara da shi, Inna. Za a mai da ita Damagaram wajen kawu a nema mata magani. Yarinyar kuma a yaye ta a kawo ta nan, don ba a amince a bar ta a hannunta ba."

Yarinyar da ko rarrafe ba ta fara ba. Na dubi ɗana, na san ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ni kuma ba na musun aljanu. Allah ya halicce su kamar yadda ya halicce mu, na kuma ga wadda suka taɓa a unguwarmu da idona. Amma Auta ni na goya ta, yarinyar da ke ɗaukar kunama da tsinke ta bi yayyenta da ita. Kuma wannan magana, ɗaya na gani ɗaya ba ya gani, sai na ji kamar na san ta a wani wuri. Idona ya faɗa kan manyeto, kaset ɗin ranar ko cire shi ba a yi ba.

Na ce, "Ba mai raba ta da 'yarta sai na je na gani. Gobe ka sa ni a jirgi."

"Inna, me za ki gani wanda malamai ba su…"

"Na ce gobe."

Ya sa ni a jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, na riƙe ƙullin kayana a cinya har Lyon, ban yarda an ɗora mini shi sama ba. Surukina ya tarye ni a tasha. A nan cikin jama'a ya durƙusa, Turawa na kewaye shi da akwatunansu, ya gaishe ni ido a ƙasa, ya tambayi gajiya da sanyi da mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya. Tun da ya auri 'yata bai taɓa duban fuskata ba, bai taɓa cin abinci ko ɗaga murya inda nake ba. In na shiga ɗaki ya fita. Haka ake yi, kuma na daɗe ina yaba masa a kan haka.

Auta kuwa a gida na tarar da ita. Ta rame, idanu sun zurma, yarinya goye a baya, ko banɗaki ba ta sauke ta. Mijin na fita ta faɗa jikina.

"Inna, wallahi ba hauka nake ba. Ina ganinta kamar yadda nake ganinki."

"Share hawaye ki ba ni amsa. Ta ina take shigowa?"

"Ban sani ba. Sai dai in tarar da ita."

"Ta ina take fita?"

"Runtse ido nake in yi ta addu'a. In na buɗe ba ta nan."

"Ta taɓa yi wa yarinyar wani abu?"

"A'a. Kallonta kawai take, tana wani ɗan gunguni."

"Ƙafarta fa? Tana taɓa ƙasa?"

Ta dube ni. "Inna, wa ke duban ƙafar aljana?"

"Ni."

Na zaga gidan. Ɗaki ne babba mai rufi can sama, an yanka shi da katako an fitar da kicin da ɗakin kwana. Tagogin dogaye ne, amma hawa na sama ne, sai tsuntsu. Na bi bango ina ƙwanƙwasawa da zobena, Auta na bina da ido, na san tana tunanin ciwon ya kama mu mu biyu. A ɗakin kwana akwai kabad cikin bango, mai zurfi, sun cika shi da rigunan sanyi. Na leƙa ban ga kome ba sai riguna da duhu.

Sai na yi abin da muke yi a gida in wani abu na ɗauke mana kaji ba mu san ko mene ne ba. A share bakin akurki a baza toka, sawu ya faɗi ko wane ne. Toka babu a gidan Lyon. Na ce ta ba ni garin fulawa da rariya. Washegari da mijin ya fita na tankaɗe gari a ƙasan ɗakin kwana, bakin taga, bakin kabad, kewaye da gadon jaririya. Na ce ta sauke yarinyar ta kwantar. A nan muka yi faɗa, don ƙi ta yi ƙememe, sai da na ce mata in ba ta kwantar da ita da hannunta yau ba, wata ce za ta riƙa kwantar da ita a Stains. Ta kwantar tana kuka. Muka koma kicin, na ja ƙofa na bar 'yar kafa da nake hango gefen gadon.

Can wajen la'asar yarinyar ta farka ta sa kuka. Auta ta yunƙura, na danne mata hannu. Kukan ya ɗan jima, sai ya tsaya shi kaɗai. Na kara ido a kafa. Ga farar riga, ga farin gashi ya zubo a kafaɗa, ga wata siririyar murya tana rarrashi. Amma na sauke ido ƙasa. Silifa ne na ulu, ɗaya an take masa dunduniya. Na tsaya ina kallonsu har suka ja baya suka fita daga inda nake gani.

Da muka shiga, yarinya na wasa da ƙafarta, sawu kuwa ga shi raɗau a kan gari, ya fito daga kabad ya koma kabad. Muka kwashe riguna. Katakon baya ashe ƙofa ce, an shafe ta da fenti ɗaya da bango, ba mariƙi ta wajenmu.

Auta ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka. "Bari ya dawo in nuna masa!"

"Ba za ki nuna masa kome ba. Share garin nan, mai da riguna."

"Inna!"

Na riga na yi tunani. In ƙofa muka nuna masa, zai ce to, ya buga ƙusa, amma a ransa har abada matarsa ta taɓa zarewa. In na ce ni ma na gani, za a ce tsohuwa ta goyi bayan 'yarta. Mun zama Gajere biyu ke nan. Dogo nake so ya gani.

Da safe na kira shi da bakina, abin da ban saba ba, don a da ta wajen Auta nake aika masa magana. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Malam, yau za ka fita, amma ba kasuwa ba. Bayan azahar ka yi sallama da ƙarfi, ka bugo ƙofa, ka sauka da takalminka kowa ya ji. Sa'annan ka cire su ka hawo a sulale."

"To, Hajiya."

Na gane mai silifar muryar namiji take gudu, shi ya sa duk zaman da ya yi na tsaro, yana waya yana tari yana kunna rediyo, ba ta leƙo ba. Ya yi yadda na ce. Ya dawo da takalmi a hannu ya tarar na shimfiɗa tabarma a lungun bayan ƙofar ɗakin kwana, inda ake ganin kabad sosai.

"Zauna nan."

"Hajiya… ni? Tabarma ɗaya?"

"Tabarma ɗaya."

Ya zauna a can baki, rabin jikinsa a siminti, ya haɗa gwiwa ya sunkuyar da kai. Shirunsa kam ya yi mini amfani, ko numfashinsa ban ji ba. Auta na kicin. Muka zauna, muka zauna, har ƙafata ta yi tsami.

Yarinya ta farka ta sa kuka. Rigunan cikin kabad suka motsa. Sai ga farin hannu ya ratso tsakaninsu, wallahi sak irin na tele. Tsohuwa ta fito a hankali, ba ta dubi inda muke ba, ta nufi gado. Na waiwaya in ga fuskar surukina. Ashe bawan Allah idonsa na kan tabarma, yana nan yana jin kunyata. Dodo a gabansa, shi kuma ya ba shi ƙeya. Dogo sak.

Na yi raɗa, "Malam, ɗaga kai."

"Na'am, Hajiya," in ji shi, ya ƙara sunkuyawa.

Yarinya ta fara yin shiru. Na san da ta yi shiru baƙuwa za ta juya, riguna su rufe, a ce ba a ga kome ba, a sa 'yata a jirgi da nono cike. Sai na yi abin da ba a taɓa jin wata suruka ta yi ba a zuriyarmu. Na sa hannu na kama gemunsa na ɗaga.

Ya gani.

Salatin da ya saki, na tabbata an ji shi a gindin tudu. Ban san lokacin da ya tsallake ni ba. Ya bugi ƙofa, ya ture bokiti, ya zare sakata, sai ƙarar ƙafarsa a bene. Ya bar mata, ya bar 'ya, ya bar suruka, ya bar takalmi. Auta ta fito daga kicin ta leƙa ta kan matakala, ta ce da wata murya mai sanyi da na daɗe ban ji ba:

"Malam, ina zuwa haka? Ai ba kome. Gane-gane ne kawai."

Wadda ta fi kowa tsorata ita ce tsohuwar. Ta manne da bango. Na tashi na kama hannunta. Da ɗumi, ƙashi da fata, tana ƙanshin sabulu da gahawa. Na zaunar da ita a bakin gado na ce, "Sannu, 'yar'uwa. Ashe ke ce kika hana 'yata barci?" Ta amsa mini da Faransanci tana nuna jaririya tana murmushi. Ban ji ba, amma na gane.

Surukina ya dawo da matar da ke kula da benen, yana haki, hula a karkace. Ita ta warware mana, Auta na mayar mini da Hausa. Gidan nan da na maƙwabta a da ɗaya ne, a nan mijin tsohuwar ke saƙa, a nan ta reni 'ya'yanta. Da ya mutu aka raba gida biyu, aka bar ta a ɗaya ɓangaren, ƙofar tsakiya kuma aka mai da ita kabad ba a toshe ba. Tsufa ya ɗan taɓa mata tunani. In ta ji kukan jariri sai ta ɗauka nata ne. Matar ta yi ta ba da haƙuri, ta ce za ta sanar da 'yan'uwanta.

A ranar, kafin magariba, shi da kansa ya buga waya Paris. Ina kicin ina jinsa: "Yaya, a bar maganar tafiya. A'a, ba wanda za a yaye. Lafiyarta ƙalau. Na gani… na ce maka da idona na gani." Da ya ajiye ya shiga wajen matarsa, na ji yana cewa ta yafe masa. Na buɗe famfo da ƙarfi don kada in ji sauran, wannan ba rabona ba ne.

Ya so ya buga ƙusa. Auta ta ce sakata dai za a sa ta wajensu. Kafin in baro Lyon ta fara ɗaukar yarinyar da la'asar, ta fita ta ƙofar mutane, ta ƙwanƙwasa wa tsohuwar ta kai mata ita ta gani. Ni ma na raka ta, na kai mata kunu, ta sha ta yamutsa fuska ta miƙo kofi a ƙara. Yarinyar nan uwarta ce ta yaye ta da hannunta, a lokacin da ya kamata. Surukina kuwa ya koma sunkuyar da kai a gabana fiye da da, sai dai in zai gaishe ni nakan ga yana ɗan dafe gemu.

Lahadin da na koma Stains aka ci tuwo aka tura kaset. Na jawo kujerata. Gajere ya gani, ya sha mari, ya gani, ya sha mari. Aka zo ƙarshe, Dogo ya waiwayo a kan lokaci, suka yi ido huɗu da dodo, ya watsar da malafa ya bi ta kan Gajere ya yi waje. Sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki ya ƙi tsayawa. Na yi dariya har carbi ya faɗi, har jikokina suka tsorata.

Bakanon ya miƙe tsaye.

"A tsayar da kaset! Alhaji, duba da kyau, wallahi ba asuwaki ba ne!"

Suka yi ta tambayata me na gani yau wanda ban gani ba a da. Ban faɗa ba, suruki suruki ne. Na ɗauki carbina na gyara mayafi na ce wa ɗana, "Mai da shi baya. Ina so in sake ganin gudun nan."